Idan kwafin DNA ya tsaya a tsakiyar hanya, wa ke tayar da shi?

Ummi_Malali: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah a taimaka min, jarrabawa ta matso. An koya mana cewa a ƙwayar bakteriya E. coli furotin DnaA ne ke fara kwafin DNA a wurin da ake kira oriC. Sai kuma malam ya ce in kwafin ya tsaya a tsakiyar hanya ba ruwan DnaA, wasu ne daban ke zuwa: PriA, PriB, PriC da DnaT. Ni ban ga dalili ba. Wanda ya fara aiki me zai hana shi dawowa ya ƙarasa? Kuma me ya sa sai an tara furotin har huɗu a kan abin da ɗaya ya yi tun farko?

Ɗan_Rigasa: Wa alaikumus salam. Ƙanwata haddace kawai ki wuce. PriA, PriB, DnaT, a jere. Ba zai wuce maki biyar ba.

Ummi_Malali: Yaya, malamin nan ba ya karɓar hadda. "Kawo dalili" yake rubutawa a ƙasan kowace tambaya.

Malam_UnguwarRimi: Wa alaikumus salam. Malaminku ya kyauta. Ki fara riƙe wannan: DnaA karatu yake yi. Akwai wani gajeren jeri mai haruffan DNA tara da ke maimaituwa a cikin oriC, shi yake ganewa ya manne, kuma duk tsawon oriC ɗin kusan haruffa 245 ne. Kuromosom ɗin E. coli kuwa haruffa miliyan 4.6 ne, oriC ɗinsa ɗaya tak. In injin kwafi ya wargaje bayan ya ci haruffa miliyan ɗaya, babu wani oriC a can da DnaA zai buɗe.

Bayan haka ƙwayar da kanta tana ɗaure wa DnaA hannu da zarar an fara. SeqA yakan zo ya zauna a kan oriC na ɗan lokaci, Hda kuma ya sa DnaA ya ƙone ATP ɗin da ke jikinsa ya koma ba ƙarfi. Ana yin haka ne don kada a riƙa fara kwafi barkatai.

Abin da ake son maidowa shi ne DnaB, zoben nan mai furotin shida da ke gaba yana warware igiyar. In ya hau, shi ke janyo DnaG mai dasa firaima, wato ɗan guntun RNA da ake fara kwafi a kansa, sannan folimares III, mai gina sabon zaren, ya biyo baya. Duk hidimar su PriA ke nan, a sake zura wa DnaB zare a inda babu oriC. Su ba haruffa suke dubawa ba, siffar wurin suke dubawa: mararraba ce, wato inda igiyar ta rabu zare biyu ana kwafi, da aka gudu aka bari ko kuwa?

ƊanTela_KasuwarBarci: Malam ashe zif ne. A shagon babanmu sa kan zif daga ƙarshe yaro ma zai yi. In ya fita a tsakiya kuwa, sai an ɗan buɗa bakinsa da filaya, a daidaita haƙoran, sannan a mayar. Aikin ma ba iri ɗaya ba ne.

Malam_UnguwarRimi: Ya zauna, sai dai da gyara kaɗan. Kan zif gefe biyu yake riƙewa, DnaB zare ɗaya kawai yake zagayewa, wanda ake yi wa kwafi guntu-guntu, mu kira shi zaren baya. Ɗayan da kwafinsa ke tafiya ba yankewa shi ne zaren gaba. Mai buɗa zoben kuma DnaC ne, ko a oriC ko a tsakiyar hanya. Shi ba ya canzawa. Mai nuna masa inda zai sauke ne ke canzawa.

Zazzau_PG: Bari in ɗauki rabi na biyu na tambayar, don shi ne aikin da nake karantawa yanzu.

Matsalar tana farawa ne daga wani furotin mai suna SSB. Duk inda zaren DNA ya zauna shi kaɗai ba abokin haɗi, nan take SSB ke lulluɓe shi don kada enzayim masu cin DNA su gutsure shi. To DnaC ba ya iya ɗora DnaB a kan zaren da SSB ya rufe. Dole wani ya share wuri.

PriA ne ke fara isowa. Yana da wani ɗan aljihu a gabansa da ke kama bakin 3' na sabon zaren gaba, wato bakin da ake ƙara wa haruffa, daidai inda folimares ya tsaya. Haka yake gane cewa nan mararraba ce, kuma haka yake sanin inda zai fuskanta. Shi kansa helikes ne, wato mai warware igiya kamar DnaB, mai tafiya daga 3' zuwa 5', don haka in sabon guntun zaren baya ya tokare wurin, yana iya warware shi ya samar da fili. Kamun da ya yi wa DNA yana sa siffarsa ta sauya, wani ɓangare nasa mai riƙe da zinki biyu ya juya, sai wurin da PriB zai kama ya fito fili. PriB ya kama PriA, ya kama zaren, ya ƙara wa PriA saurin warwara. Sannan DnaT ya zo ya ƙwace zaren daga hannun PriB. Daga nan ne DnaC ke samun damar sauke DnaB.

Wannan miƙa-hannu ɗakin gwajin James Keck na Jami'ar Wisconsin a Amurka ne suka bayyana shi a 2007. A 2023 kuma suka fitar da hoton PriA da PriB a kan mararrabar, da madubin ilektron da ake daskarar da samfur. A hoton an ga zaren baya ya ratsa ta wani rami da ya buɗe a jikin PriA bayan ɓangaren zinkin ya juya.

Ɗan_Rigasa: To ai jerin da na faɗa ke nan. PriA, PriB, DnaT.

Anti_Lab_Kawo: Kai dai ka yi shiru ka karu.

Ummi_Malali: Na gode Yaya Zazzau_PG. To ina PriC ya shiga? Ban gan shi a jerin ba.

Zazzau_PG: Hanyarsa daban. Kenneth Marians da ɗalibinsa Ryan Heller sun gwada a kwalba a New York, suka wallafa a 2005. Sun ga PriA ya fi son mararrabar da sabon zaren gaba ya zo daf da bakinta. In kuwa akwai giɓi, wato folimares ya tsaya amma DnaB ya ɗan ci gaba da warwara kafin ya faɗi, PriA ba ya kamawa da kyau. Irin wannan PriC ne ke so, kuma shi kaɗai yana iya sa DnaC ya ɗora DnaB, ba sai da PriB ko DnaT ba. Amma shi ba helikes ba ne, don haka in zaren baya a toshe yake sai Rep ya share masa.

Baba_Kabala: Salamu alaikum yara. Na yi ritaya amma har yanzu ina leƙowa. Abin da matasa ba su sani ba shi ne, waɗannan furotin ba a gano su don ana neman gyaran kwafi ba. A shekarun 1970 ana nazarin wani ƙaramin bairos mai cin bakteriya, phiX174, mai zare ɗaya da haruffa 5,386, wanda Frederick Sanger ya karanta jerinsa a 1977. Ɗakin Arthur Kornberg a Stanford, da Sue Wickner tare da Jerard Hurwitz a New York, suna tace ruwan cikin E. coli don su ga me bairos ɗin ke aro ya kwafi kansa. A lokacin PriA sunansa n' a wajen su Kornberg, su Hurwitz kuma suna ce masa Y. PriB shi ne n, PriC n'', DnaT kuma i. Zamanin da muke ɗalibai abin da aka koya mana ke nan, cewa kayan aikin bairos ne. Babu wanda ya iya gaya mana me ƙwayar kanta ke yi da su, tunda an riga an nuna oriC ba ya buƙatarsu. Sai a shekarun 1990, da aka cire jin ɗin priA, wato guntun DNA mai ɗauke da umarnin gina PriA, aka ga yadda ƙwayar ta galabaita, aka fara fahimta.

Malam_UnguwarRimi: Allah Ya ƙara lafiya Baba. Galabaitar nan ita ce hujja mafi ƙarfi. E. coli marar priA yana rayuwa, amma da ƙyar. Yana miƙewa ya yi dogon zare ba ya rabuwa, hasken UV kaɗan ya kashe shi, ƙararrawar SOS, wadda ke tashi in DNA ya lalace, kullum a kunne. Wani abin mamaki, ya fi shan wuya a abinci mai maiƙo fiye da abinci marar ƙarfi, domin saurin girma yana nufin mararrabu da yawa a lokaci guda, tsayawa ma da yawa.

Steven Sandler ya jera lissafin a 2000. Ka cire priB kaɗai, kusan lafiya lau. Ka cire priC kaɗai, haka. Ka cire su biyun tare, ƙwaya ta durƙushe. Ka cire priA da priC, mutuwa. priA da rep, mutuwa. Daga nan aka fitar da hanyoyi uku: PriA da PriB, PriA da PriC, sai PriC da Rep. Ta tsakiyar daga irin wannan lissafin aka san da ita.

Sadauki_NDC: Ni fa ina ganin ana kambama abin. Injin da ke kwafin haruffa kusan 1,000 a daƙiƙa, mararrabu biyu, kowace ta ci miliyan 2.3, a gama cikin minti 40. Injin da ya kai wannan inganci sau nawa zai tsaya? Ƙila sai an haska masa UV a lab.

Zazzau_PG: In da sai an haska UV ne, me zai kashe ƙwaya marar priA da priC a faranti ba tare da an taɓa ta ba? A 2000 Michael Cox da wasu manyan fannin sun rubuta a mujallar Nature cewa ko a girma na yau da kullum yawancin mararrabu suna cin karo da wani abu kafin su kai ƙarshe.

Sadauki_NDC: Cin karo daban, wargajewa daban. Akwai gwajin da aka yi a Uppsala ta ƙasar Suwidin a 2001. An bari kwafi ya fara, sannan aka kashe DnaC da zafi, ta yadda duk DnaB da ya faɗi ba mai mayar da shi. Kusan kashi 18 cikin 100 ne kawai suka kasa gamawa. Sauran sun kai ƙarshe ba tare da an sake ɗora musu komai ba.

Zazzau_PG: Kashi 18 a kowane zagaye kake ce wa "kawai"? Ka lissafa zuriya goma ka ga me ya rage.

Malam_UnguwarRimi: Ku biyun kuna kan hanya. Tsayawa tana da yawa, amma ba kowace tsayawa ce ke jefar da DnaB ba. Tun 1968 Rupp da Howard-Flanders suka ga cewa bayan UV sabon DNA yana fitowa da giɓi-giɓi, alamar injin yana tsallake wurin da ya lalace. Marians ya nuna a kwalba a 2006 da 2011 cewa DnaG na iya dasa sabon firaima a zaren gaba bayan wurin lalacewar, a ci gaba, a bar giɓin a gyara daga baya. In DnaB bai sauka ba, ba a buƙatar PriA.

Kuma Sadauki, babban mai tare hanya ba UV ba ne, na cikin gida ne: folimares ɗin RNA, mai kwafe jin zuwa RNA, da ke kan igiyar yana nasa aikin. Ya fi injin kwafi nawa nesa ba kusa ba, kuma hanyar ɗaya ce. In suka yi gaba da gaba abin ya fi muni. Shi ya sa duk rukunan jin bakwai na E. coli masu yin rRNA, wato RNA ɗin injin gina furotin, suna fuskantar inda kwafi ke tafiya. Rep ma yana maƙale da DnaB ta wutsiyarsa yana ture irin waɗannan, UvrD na taya shi. Ka cire su biyun, ƙwaya ba ta rayuwa a abinci mai maiƙo.

MaiKemis_Kakuri: Ina bin ku a hankali duk da karatun ya fi ƙarfina. Tambayata: sifuro da muke sayarwa kullum, an ce DNA yake taɓawa. Yana da alaƙa da wannan?

Dakta_Barnawa: Sosai ma. Sifuro, wato ciprofloxacin, yana kama enzayim biyu, jaires da topoisomerase IV, daidai lokacin da suka yanke DNA don su sassauta murɗewa, ya hana su ɗinkewa. Sai su zama shinge, igiyar kuma ta karye. Septrin ta wata ƙofar yake bi: trimethoprim da ke cikinsa yana hana ƙwaya haɗa thymine, sai injin ya rasa kayan gini ya tsaya.

Inda abin ya shafe ku masu kemis shi ne mai zuwa ya ce a ba shi guda biyu ko huɗu, ya sha, ya ji sauƙi ya daina. Maganin da bai kai ya kashe ba yana tayar da SOS. RecA ya sa LexA, mai danne jin ɗin SOS, ya yanke kansa, a saki jin da dama, ciki har da folimares masu kwafi da kuskure. Kuskuren nan shi ne ke haifar da masu bijire wa magani. A 2004 kuma an nuna cewa a ƙwayar kwalara, sifuro na tayar da SOS, SOS kuma ya sa wani guntun DNA mai suna SXT, mai ɗauke da jin ɗin bijire wa magunguna, ya tsallaka zuwa wasu ƙwayoyin. Mu da damina ba ta cika wucewa ba a ji labarin amai da gudawa a wani wuri ba, wannan ba labarin nesa ba ne.

MaiKemis_Kakuri: Dakta gaskiya ne, amma ku ma ku duba. Mutum ya zo da kuɗin guda huɗu, yaro na kwance. In na hana shi, shagon gaba zai ba shi.

Anti_Lab_Kawo: Mu a lab mu ke ganin sakamakon. Ka shuka fitsari, E. coli ya fito, ka ɗora faifan sifuro, ƙwaya ta girma har jikin faifan ba ko kunya. Da ba haka abin yake ba. Kuma wani lokaci in mai haƙuri ya riga ya sha magani kafin ya kawo samfur, sai ka ga ƙwayoyin a madubi sun yi tsawo kamar ba su ba.

Zazzau_PG: Anti, in sifuro ya sha, tsawon nan aikin SulA ne, ɗaya daga cikin 'ya'yan SOS. Yana hana FtsZ yin zoben da ke raba ƙwaya biyu har sai an gama gyara. Shi ne dai abin da Malam ya ce ana gani a marar priA.

Kuma karyewar da Dakta ya ambata ma PriA ne ƙarshenta. RecBCD ya kama bakin da ya karye yana ci har ya iske jerin Chi, wato GCTGGTGG, sai ya ɗora RecA. RecA ya cusa zaren cikin 'yar uwar igiyar da ba ta karye ba. Siffar da ta fito tana da bakin 3' a mararraba, abin da PriA ke nema ke nan. RuvABC kuma su warware sarƙewar da ta rage a baya.

Maman_Sikila: Ku yi haƙuri in shigo. Na ga an rubuta a wani wuri cewa hydroxyurea ana amfani da shi a lab don tsayar da kwafin DNA. Shi ne fa ɗana ke sha. Hankalina ya tashi.

Dakta_Barnawa: Hajiya ki kwantar da hankalinki. Magani ɗaya ne, gaskiya, yana rage aikin enzayim da ke haɗa tubalan DNA. Amma a sikila awo ne da likita ke daidaitawa da nauyin yaro, amfaninsa shi ne yana ƙara haemoglobin irin na jarirai, wanda ke rage lanƙwashewar jini da yawan tashin ciwo. Dalilin da ya sa ake ce miki ki riƙa kawo shi gwajin jini ke nan, don a ga ko awon ya yi yawa. Kada ki tsayar da shi saboda abin da kika karanta a nan. In akwai damuwa ki faɗa wa likitansa a asibiti.

Maman_Sikila: Na gode Dakta, Allah Ya saka da alheri.

Ɗan_Rigasa: To tunda ƙwaya ba ta rayuwa sosai ba PriA, me ya hana a yi maganin da zai kashe PriA ɗin a huta?

Zazzau_PG: Ana nema. PriA yana cikin kusan duk bakteriya, mu kuma ba mu da shi. Amma inda ya fi jan hankalina shi ne wutsiyar SSB. SSB huɗu ne a haɗe, kowane da doguwar wutsiya, ƙarshenta amino asid shida: Asp-Asp-Asp-Ile-Pro-Phe. Furotin fiye da goma sha biyu ke kama wannan ɗan ƙarshen, ciki har da PriA, PriC, RecG, RecQ, RecO, DnaG da ExoI. A 2014 su Keck sun fitar da siffar PriA na Klebsiella pneumoniae riƙe da wutsiyar. Kamun ba kiran taro kawai ba ne. SSB na iya naɗe haruffa 65 ko 35. In PriA ko PriC ya kama wutsiyar, sai ya koma naɗin 35, zaren da ya saki ya zama filin sauke DnaB. Ashe wanda ya rufe wurin shi ne kuma ke kiran mai buɗewa. Namu mai rufe zare, RPA, ba shi da irin wannan wutsiya, don haka maganin da ya toshe aljihun da take shiga bai kamata ya taɓa mu ba.

Dakta_Barnawa: A takarda. Har yau babu irin wannan magani a kanta ko asibiti. Haɗuwar furotin da furotin tana da wuyar toshewa, ga kuma fatar waje ta su Klebsiella da famfunan da ke tofar da magani.

Malam_UnguwarRimi: Ƙari a kan na Dakta: ƙwayar tana da hanyar zillewa. Duk wanda ya taɓa renon E. coli marar priA ya san ba ya daɗewa sai wasu masu ƙoshin lafiya sun ɓullo a cikinsa. In aka duba sai a ga amino asid ɗaya ne ya sauya a DnaC, sanannen shi ne dnaC809, kuma wannan DnaC ɗin yana ɗora DnaB da kansa ba PriA. In sauyi ɗaya ya isa a lab, me zai hana a jikin mai haƙuri? Ni na fi ganin amfaninsa a matsayin mataimaki, a haɗa da sifuro: ɗaya ya karya, ɗaya ya hana gyara.

Gwani_Zogale: Ai maganin yana bayan gidanku. Na karanta cewa wani sinadari mai suna kaempferol yana hana PriA aiki, kuma ganyen zogale cike yake da shi. Turawa sai yanzu suke gano abin da kakanninmu suka sani.

Zazzau_PG: Rabin farko gaskiya ne. Wasu masu bincike a Taiwan sun nuna a 2015 cewa kaempferol na rage aikin PriA na Staphylococcus aureus, kuma akwai shi a zogale. Amma furotin ne tsantsa a kwalba. Ba a nuna cewa kwaɗon zogale na kai isasshen awo cikin jini, ya shiga ƙwaya, ya iske PriA ba. Ga wani abu kuma: a E. coli akwai priA300, wanda aka kashe masa aikin helikes gaba ɗaya, ƙwayar kuma kusan lafiyarta ƙalau. Ke nan tara jama'ar da PriA ke yi ya fi warwarar muhimmanci. Mai hana warwara kaɗai bai gama aiki ba.

Gwani_Zogale: Ko ma mene ne, ni ban daina ci ba.

Anti_Lab_Kawo: Ci abinka, amma don Allah ɗalibai a daina furojet ɗin "tasirin ruwan ganye kaza a kan ƙwaya kaza" a tsaya a auna da'ira a faranti. An yi ya isa.

Sadauki_NDC: Anti da me za su yi wani? Wutar da za ta riƙe firiza kwana biyu a jere ma aiki ce.

Zazzau_PG: Akwai wanda kwamfuta da data kawai yake buƙata. Jerin DNA na dubban ƙwayoyin da aka samo a Afirka yana intanet kyauta. Ɗalibi zai iya duba priA, priB, priC, dnaT da dnaC a cikinsu ya ga inda suka bambanta.

Shugaban_Zaure: Jama'a an yi nisa. Mai tambaya jarrabawa gare ta. A dawo.

Hauwa_TudunWada: Kafin a dawo, gargaɗi ga Ummi don kada ta faɗa rami. In tambaya ta zo a kan Bacillus subtilis, sunayen a juye suke. Helikes ɗinsa DnaC ake ce masa, mai ɗora shi DnaI, DnaB ɗinsa kuma wani mataimaki ne daban. Jerinsa PriA, DnaD, DnaB, DnaI. Ba shi da PriC ko DnaT. A wurinsa DnaD da DnaB suna aiki a oriC, suna kuma aiki a tsakiyar hanya.

Ummi_Malali: Innalillahi. Na gode Anti Hauwa. Na fahimci dalilin da DnaA ba zai dawo ba. Amma ta biyun har yanzu tana damuna. In PriC shi kaɗai zai iya, kuma sauyi ɗaya a DnaC ya isa a tsallake kowa, me ya sa ƙwayar ba ta ɗauki gajeriyar hanyar tun farko ba?

Malam_UnguwarRimi: Ga yadda nake gani. Ɗora DnaB abu ne mai haɗari. A kowane lokaci akwai zare shi kaɗai a wurare da yawa: tsakanin guntayen sabon zaren baya da ake kira guntayen Okazaki, wuraren da ake gyara, wuraren da RNA ya kutsa cikin igiya. In DnaC zai sauke DnaB a duk inda ya ga zare, kwafi zai tashi a inda bai kamata ba, wani ɓangaren kuromosom ya ninku, mararrabu su yi karo. Kowane mataki tantancewa ne. PriB ba ya kama PriA da kyau sai PriA ya kama mararraba ta gaskiya. DnaT ba ya shigowa sai PriB ya zauna. Kamun kowanne shi kaɗai rarrauna ne, sai an taru yake ƙarfi, don haka in wurin ba daidai ba ne taron na watsewa da kansa. Ko RecG, in aka cire shi, ana ganin PriA na tayar da kwafin da ya wuce ƙa'ida a yankin da mararrabu biyu ke haɗuwa.

Sadauki_NDC: Malam da girmamawa, wannan bayanin ya yi kyau da yawa. In tantancewa ce dole, me ya sa ɗimbin bakteriya ba su da PriB ko DnaT kuma suna rayuwa? PriB ma kamanninsa na SSB ne sak, alamar kwafin jin ɗin ssb ne da ya samu sabon aiki. Ni ina ganin faci ne a kan faci, kowane dangi da abin da ya tarar a hannu.

Hauwa_TudunWada: Amma Bacillus da ba shi da su ai bai bar wurin fayau ba, ya sa DnaD da DnaB a tsakani. Dangi biyu masu nisa, kowanne ya ƙi barin PriA ya kira helikes kai tsaye. Wannan bai nuna akwai buƙatar matakin ba?

Sadauki_NDC: Ko kuma ya nuna PriA ba shi da hannun kama mai ɗora helikes ne kawai, dole a samo masa ɗan aike.

Zazzau_PG: Abin da zai raba gardamar shi ne a ɗauki mai dnaC809 da na asali a haɗa su a kwalba ɗaya, zuriya bayan zuriya, da sifuro kaɗan da kuma babu, a ga wa zai rinjayi wani. In gajeriyar hanya ba ta da illa, bai kamata na asalin ya ci ba.

Ummi_Malali: To ni wanne zan rubuta, na Malam ko na Yaya Sadauki?

Baba_Kabala: Rubuta na Malam, 'yata, ki kawo lissafin Sandler a matsayin hujja. In takarda ta rage ki ƙara layi biyu a kan Bacillus. Sadauki kuma ina jiran ka gaya min wane dangin bakteriya ne PriA ke kiran helikes ba ɗan aike, don ka ce ɗimbi ne ba ka ambaci ko ɗaya ba.

Sadauki_NDC: Baba ban ce ba ɗan aike ba, cewa na yi ba PriB da DnaT. Bari in dawo daga masallaci in jero su.